Kankare Jan Ƙarfe daga Bututun Raifil: Fa'idodi da Illoli

Duk harsashin da ya fita daga bakin raifil sai ya bar wani abu na jikinsa a baya. Harsashin zamani dalma ce a ciki, aka yi mata riga da gamin jan ƙarfe, galibi kashi 95 jan ƙarfe, kashi 5 tutiya. Bututun raifil kuwa ba sumul yake ba kamar na bindigar toka. An tsaga cikinsa da layuka masu murɗewa, su ne ke cizon rigar harsashin su juya shi don ya tafi a miƙe. A bindiga mai cin harsashin .308, faɗin ramin daga tudu zuwa tudu inci 0.300 ne, harsashin kuma inci 0.308. Ke nan da ƙarfin tsiya ake cusa shi, da matsin da kan kai fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci, ya fice da gudun da ya haura mita 800 a sakan ɗaya. Gogayya da zafin wuta sukan yagi kaɗan daga rigar su shafa a jikin ƙarfen. Harbi bayan harbi, sai jan ƙarfe ya hau kan kunkunniyar albarushi, kunkunniya ta hau kansa, har a wayi gari in an haska bakin bututun a ga jajayen layuka suna ƙyalli.

A kan waɗannan jajayen layuka mafarauta da masu gasar harbi a Amurka da Turai da Afirka ta Kudu da Ostareliya suka shafe shekaru fiye da ɗari suna jayayya. Wasu sun ce a kankare su tas bayan kowace fita. Wasu sun ce a ƙyale su sai bindiga ta nuna alamar gajiya. Ni ina ganin kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma awo bai zo daidai ba, kuma zan faɗi inda ya rinjaya.

Matsalar ta zo ne tare da ci gaba. Muddin ana harba dalma tsirara da baƙin albarushi, dattin da ake fama da shi toka ce da dalma, ruwan zafi da mai sun isa. A 1882 wani hafsan sojan Suwizalan, Eduard Rubin, ya fito da harsashi mai rigar ƙarfe, a 1884 kuma Paul Vieille na Faransa ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Gudun harsashi ya yi sama, dalma tsirara ba ta iya jurewa, riga ta zama dole. Sojojin Ingila da na Amurka suka zaɓi gamin jan ƙarfe da nikel, suka kuwa sha wuya. Wannan gami ba ya shafuwa siriri. Curi-curi yake yi kusa da bakin bututu, kowane curi ya karci harsashi na gaba ya ƙara girma. Maharban Amurka masu riƙe da Springfield ta 1903 suka koma ga wani kakkarfan haɗin amoniya: a toshe gindin bututu, a sa robar tiyo a bakinsa, a cika shi fal har ruwan ya haura ƙarfen, domin duk inda ruwan ya haɗu da iska a jikin ƙarfe, nan take tsatsa ke kamawa. Bututu da yawa magani ne ya kashe su, ba cutar ba. Wasu suka riƙa tsoma kan harsashi a man giris kafin harbi. A gasar ƙasa ta 1921 a Camp Perry da ke jihar Ohio, aka gwada harsashi mai rufin kuza. Ya hana curin, amma kuzar ta riƙa manne harsashi da wuyan kwansonsa, matsi ya hau, wasu bindigogi suka lalace, hukumar soja kuma ta ɗora wani kaso na laifin a kan giris. Daga 1922 aka fara komawa ga gamin jan ƙarfe da tutiya da ake amfani da shi har yau.

Na kawo wannan tarihi ne domin tsoron jan ƙarfe da yawancin maharba suka gada daga wancan zamani ya samo asali, alhali rigar harsashin yau ta fi waccan sauƙin hali nesa ba kusa ba.

A ƙasar Hausa, maharbin da ke riƙe da bindigar toka ko mai cin harsashin ƙwarya-ƙwarya ba shi da wannan damuwa, tunda bututunsa sumul ne kuma ba riga a jikin abin da yake harbawa. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa raifil ƙarƙashin lasisi mai tsauri, saboda haka waɗanda zancen ya fi shafa a nan su ne soja da 'yan sanda da masu gadin gandun daji da masu kula da rumbun makamai.

Fa'idar farko ta kankarewa, wadda ba mai musun ta, ita ce dawo da saiti. Jan ƙarfe ba ya taruwa daidai wa daida. Ya fi kama inda ƙarfe ke da kaushi, wani gefe ya fi wani kauri. In ya yi yawa, sai ya riƙa karce rigar harsashin da ke wucewa, harsashin ya fita da nauyin da bai daidaita a kewayensa ba, ga shi kuma yana juyawa sau dubu ɗari da wani abu a minti ɗaya. Ƙaramar tawaya a irin wannan juyi ta isa ta kauce da shi. Bindigar da ta saba zuba harsashi biyar a wurin da bai fi inci ɗaya ba daga yadi 100, sai a ga ta fara warwatsa su zuwa inci biyu ko uku, wani ma ya yi tsalle can gefe ba dalili. Sau da yawa mai ita yakan zargi madubin saiti, ko harsashi, ko ya yanke cewa bututun ya mutu. Maƙeran bindiga sun sha karɓar irin wannan a matsayin wadda za a canza wa bututu, su kwana biyu suna narkar da jan ƙarfe, ta dawo garau. Sabon bututu mai kyau da kuɗin ɗaura shi ɗaruruwan daloli ne; kwalbar maganin wanki ba ta kai kaso ɗaya cikin ashirin na wannan ba.

Ƙananan harsasai masu tsananin gudu sun fi kowa buƙatar wannan. .220 Swift da ta fito a 1935 da gudun da ya wuce ƙafa 4,000 a sakan, da .17 Remington ta 1971, sun yi suna wajen saurin cika bututu da datti, domin ramin ƙanƙane ne, ɗan abin da ya taru ya isa ya matse shi. Masu gasar harbi daga kan benci, waɗanda ake auna nasararsu da kaso cikin dubu na inci, sukan wanke bayan harbi goma zuwa ashirin. A wurinsu wannan daidai ne, don suna da damar yin harbin gwaji kafin na gasa.

Fa'ida ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, ko da yake ba a cika yayata ta ba: abin da ke ɓoye a ƙarƙashin jan ƙarfen. Shafin jan ƙarfe yakan rufe kunkunniya da gishiri da danshi, ya hana mai isa ga ƙarfen da ke ƙasa. Ga kuma wata ɗabi'a ta ƙarafa biyu mabambanta in suka haɗu da laima: ɗaya ne ke cinyewa, kuma tsakanin jan ƙarfe da ƙarfen bututu, na bututun ne ke shan kashi. Sai mutum ya leƙa ya ga bututu na sheƙi, alhali tsatsa na haƙa ƙananan ramuka a ƙasa. Abin ya fi muni da tsofaffin harsasai masu ƙyastu mai gishiri. A 1922 Dakta Wilbert Huff na hukumar ma'adinai ta Amurka ya nuna cewa sinadarin ƙyastun da ke gindin kwanso yana barin gishirin fotasiyam a bututu, gishirin na jan laima daga iska, kuma mai ba ya narkar da shi, sai ruwa. Tun kafin a gane dalilin, sojan Ingila ya saba zuba tafasasshen ruwa ta mazurari a bututun bindigarsa. Har yau rarar harsasan soja da aka ƙera a ƙasashen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta da yawa irin wannan ƙyastu ke gare su. Wanda ya harba su, ya ajiye bindiga cikin damina a wuri mai laima da jan ƙarfe lulluɓe da gishirin, ramukan da za su fito ba mai iya cike su.

Akwai kuma batun matsi. Datti mai kauri yana rage faɗin rami, yana ƙara gogayya, kuma harsashin da aka riga aka cika shi da albarushi har iyaka zai iya haura iyakar. Alamun su ne kwanso ya riƙa maƙalewa, hannun buɗe bindiga ya yi tauri. Wannan ya ƙara fitowa fili da harsasan jan ƙarfe zalla. Kamfanin Barnes ya fito da irinsu a 1989, na farko-farkon kuma sun yi ƙaurin suna wajen shafe bututu, har sai da aka yanka musu zobba a jiki a 2003 don rage wurin gogayya. Tun daga 1 ga Yuli 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya, saboda gubar da ke kashe tsuntsaye masu cin mushe, don haka dubban mafarauta sun koma ga jan ƙarfe zalla. Da yawa daga masu komawa sun tarar sabon harsashin ba ya tafiya daidai a kan tsohon shafin gamin tutiya, sai an kankare an fara daga tushe. Mai sayen tsohuwar bindiga ma yana da riba a wankin: sai an ɗauke jan ƙarfe ake ganin ainihin lafiyar ƙarfe.

To, ina illar? Ta farko ita ce wadda mai yawan wanki ba ya son ji: bututu mai tsabta ƙal ba shi ne mafi saiti ba. Babu bututun da ya fito daga masana'anta ba tare da ƙananan karce da alamun haƙori na injin ba. Harbin farko-farko yana cike waɗannan da jan ƙarfe da kunkunniya, gogayya ta daidaita, gudun harsashi ya tsaya a wuri ɗaya. Mai tuyar waina ta san sabuwar tanda kamawa take yi sai ta sha mai, kuma in aka goge ta har ƙasa, wainar farko ba ta fita da kyau. Bindigar da aka kankare tas takan jefa harsashin farko wani wuri daban da inda aka saita ta, takan kuma ci harsashi biyu, biyar, wata ma goma ko fiye, kafin ta koma hayyacinta. Mai gasa zai ƙona waɗannan a allon gwaji. Mafarauci fa? Shi harsashin farko ne duk abin da yake da shi. Wanda ya saita bindigarsa ranar Asabar, ya kankare ta da dare don ƙauna, ya fita Lahadi, zai iya harbin barewa a ciki maimakon ƙirji, ta gudu ta je ta mutu a wahale inda ba wanda zai same ta. Wannan illa ba a jikin ƙarfe take ba, a jikin mai rai take, shi ya sa nake ba ta nauyi. Masu gasar harbin nesa a Amurka da yawa sukan yi harbi ɗari biyu ko uku ba su taɓa jan ƙarfe ba, saboda sun fi son bindigar da suka san halinta.

Illa ta biyu tana cikin kwalbar maganin wanki. Mafi yawan tsofaffin magungunan jan ƙarfe amoniya ce ƙashin bayansu. Ita da iskar da muke shaƙa suke haɗuwa su narkar da jan ƙarfe, shi ya sa ƙyallen ke fitowa shuɗi. Amoniyar da ke kwalaben yau ta fi ta zamanin Springfield sauƙi, amma har yanzu tana wanke duk wani maiƙo ta bar ƙarfe tsirara, kuma in ta bushe a ciki tana jawo laima. Sweet's 7.62, wanda aka haɗa a Ostareliya, ya rubuta a jikin kwalbarsa kada a bar shi a bututu fiye da minti 15. Wanda ya shafa ya tafi sallah ya zarce hira, ya dawo ya tarar da aiki. Bututun baƙin ƙarfe ya fi na ƙarfe marar tsatsa saurin jin jiki. Sannan amoniya ba ta san jan ƙarfen da ake so da wanda ba a so ba. Tana cin tagulla, tana shiga ƙarƙashin rufin nikel na ado ta ɗaga shi in akwai shimfiɗar jan ƙarfe a ƙasa. Sojojin Ingila a Indiya sun daɗe suna mamakin yadda kwanson harsasansu ke tsagewa bayan damina, har aka tabbatar a 1921 cewa amoniyar fitsarin dawaki ce a bargar da ake ajiye harsasan. Ɗigon magani da ya saura a ɗakin harsashi zai iya yi wa kwanso irin wannan lahani. In kuma ya gangara baya, sai ya shiga kunamar bindiga ya daskare da datti, ko ya jiƙa katako ya laushe mazaunin ƙarfe.

Wani tarko da ke cin mutane da yawa shi ne shuɗin ƙarya. Burushin wanki na tagulla ne, haka ma kan sandar da ke tura ƙyalle. Magani na cin su kamar yadda yake cin dattin. Sai mutum ya yi ta turawa yana ganin shuɗi, yana cewa da sauran aiki, alhali tun tuni bututun ya fita, kayan aikinsa yake narkarwa. Burushin nailan da kan sanda na roba ko alminiyam sun warware wannan, amma sai wanda ya sani.

Illa ta uku, wadda a ganina ta fi kowace ɓarna, ita ce ta hannu da sanda. Wurare biyu ne ran raifil: maƙogwaro, inda harsashi ke fara cizon layuka, da leɓen bakin bututu, inda yake rabuwa da su. In leɓen ya cinye a gefe ɗaya, iskar wuta za ta riga fita ta nan ta ture gindin harsashi. Sandar da ke lanƙwasa tana gogar maƙogwaro, sanda mai gaɓoɓi tana karce da mahaɗanta, sanda mai laushi kuma tana kwasar tsakuwar datti ta zama magogi. M1 Garand ta sojan Amurka ba a iya sa mata sanda ta baya, sai ta baki, kuma dubbai daga cikinsu sun dawo da bakin da ya buɗe saboda wanki. Lee-Enfield mai cin .303, wadda tsofaffin soja da 'yan sandan Nijeriya suka riƙe, da igiya ake jan ƙyalle a cikinta, kuma masu duba makamai na Ingila sun san bakin da igiya ta cinye gefe guda, saboda soja ya ja ta a karkace shekara da shekaru don ya burge mai duba fareti. Igiya ce fa kawai. Ina ga man gogewa mai yashi-yashi irin J-B, wanda in an yi da hankali yana da amfani ga kunkunniya mai tauri, in an zarce kuma yana dakushe kaifin layuka? Ƙarfen da aka goge ba ya tsirowa. Bututun .308 na gasa yakan riƙe ingancinsa har wajen harbi 5,000, kuma tunda kowane harsashi bai fi kaso ɗaya ko ɗaya da rabi cikin dubu na sakan yake yi a ciki ba, duk rayuwar aikinsa ba ta kai sakan goma ba. Sanda kuwa sa'o'i take yi tana kai da komo.

Lafiyar mai wankin ma abin dubawa ce. Tururin amoniya na ƙona ido da maƙoshi a rufaffen ɗaki, in kuma ta haɗu da ruwan bilic na wanki tana tayar da iska mai guba. Dattin bututu na ɗauke da dalma daga ƙyastu, yana bin hannu zuwa abinci. Safar hannu da buɗe taga ba ƙawa ba ne. Kafin komai kuma a cire gidan harsashi, a buɗe bindiga a duba ɗaki da ido. Bayan an gama a tabbatar ba a bar ƙyalle ko mai ya kwanta a ciki ba, don wannan kan kumbura bututu a harbin farko.

Jayayyar ta fi zafi a kan sabon bututu. Akwai masu cewa a yi masa horo: harbi ɗaya, a kankare, harbi ɗaya, a kankare, har sau da dama. Kamfanin Krieger na jihar Wisconsin yana goyon bayan ɗan taƙaitaccen horo, da hujjar cewa injin da ke yanka ɗakin harsashi yana barin karce a gicciye a maƙogwaro, su ne ke yagar jan ƙarfe, kuma in jan ƙarfen ya rufe su ba za su goge ba. Marigayi Gale McMillan, sanannen maƙerin bututu a Arizona, ya yi fatali da al'adar, yana ganin cinye rayuwar bututu kawai take yi. Hujjar Krieger ta shiga hankalina a kan maƙogwaro, amma ba ta kai ta halatta harbi hamsin da wanki hamsin da wasu ke yi ba.

Ƙaramar kyamarar leƙa bututu, wadda da sai maƙera ke iya saye, yanzu ta yi araha ana haɗa ta da waya. Ta taimaka wajen gane ko jan ƙarfe ne ko kunkunniya ko tsatsa, amma ta kuma sa mutane wankin abin da bai dame su ba, don tana girmama ɗan layi ya zama kamar tudu. A nan nake tsayawa: ganin ja a bututu bai isa dalilin ɗaukar amoniya ba. Dalilai uku ne suka isa. Ko ramukan allo sun fara warwatsewa fiye da yadda aka saba, ko alamun matsi sun bayyana, ko kuwa bindigar za ta shiga ajiya mai tsawo, musamman inda akwai laima ko an harba harsashi mai gishiri. A na ukun babu sassauci, ruwa ya fara wucewa, a busar, a kankare, a shafa mai. Bindigogin soja irin AK masu rufin kurom a cikin bututu ba sa kama jan ƙarfe sosai kuma ba saitin inci ake nema da su ba, gishiri da tsatsar hanyar iska su ne abin tsoronsu.

Kayan aiki sun sauƙaƙa wani ɓangare na matsalar. Akwai magunguna marasa amoniya kamar KG-12 da Bore Tech Eliminator, akwai masu kumfa da ake fesawa su yi aikinsu ba tare da burushi ba, akwai ma albarushi irin CFE 223 na Hodgdon da aka sa wa sinadarin rage jan ƙarfe, dabarar da masu igwa suka daɗe da sani tun suna cusa ɗan falallen dalma ko kuza cikin albarushinsu. Duk inda magani zai yi aikin da sanda za ta yi, gara a ba shi lokaci a rage kai da komo. In kuma sanda ta zama dole, ta kasance gaɓa ɗaya, a sa ta ta baya cikin mariƙin da zai tsayar da ita a tsakiya, a goge ta bayan kowace turawa, kada a juya burushi a tsakiyar bututu. Mafaraucin da ya kankare kafin buɗe lokacin farauta sai ya koma fili ya ƙona harsashi uku ko biyar, ya tabbatar da inda take jefawa, sannan ya rufe bakin bututun da ɗan salatif saboda ruwa da ƙasa, ya bar cikinsa haka har lokacin ya ƙare, sai fa in ruwan sama ya shiga.